Shekarar da Aka Hana Ubanku Fura

Da sunan Allah nake buɗe baki, shi ya ba ni harshen faɗa, ya ba Rabi hannun rubutawa. Ni ban taka ƙofar lakwal ba balle in yi boko, allo ma ban wuce abin salla ba, shi ya sa na zaunar da autata na ce ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta yi mata kwalliya. Ku ƴaƴana da jikokina, na san abin da ake faɗa a bayan idona tun rasuwar ubanku, kunnena bai mutu ba. Ana cewa taurin kaina ne ya gajarta masa kwana, wai na ɗura masa abin da aka hana shi. Na yi shiru shekaru ina kallonku, don mai takaba ba ta tsayawa wanke kanta. Yanzu akwai dalilin da ya sa ba zan ƙara jira ba, zan zo gare shi a ƙarshe. Ku saurara tukuna.

Ni mai fura ce, kun sani. Tun ina amarya a ƙauyenmu na gefen Dogo-Dogo nake surfe, in daka gero da citta da kanumfari da masoro, in cura, in dafa, in kirɓa, ranar kasuwa in kai Dungas. Nono kuma daga rugar da ke riƙe da shanun ubanku yake zuwa, ban taɓa dama fura da nonon gari ba. Ubanku bai taɓa kirana da sunana ba, Mai fura yake ce mini, ni kuma in ce Malam. Mutum ne da in ka hana shi tuwo zai yi dariya, in ka hana shi nama ba zai lura ba, amma bai taɓa saɓa hauya ya nufi gona ba sai ƙwaryarsa na biye da shi.

Babban yayanku kuwa, ɗan farina ne, kuma ku yaran yanzu sai na bayyana muku abin da wannan ke nufi a wurinmu. Ɗan fari ba a kiran sunansa. Ba a kallonsa ido cikin ido, ba a yi masa wasa, ba a nuna wa duniya ana sonsa. Kakarsa ce ta yaye shi ta raine shi. In ina nemansa sai in ce a kira mini wancan. In ya yi laifi sai in juya in faɗa wa turmi, shi yana tsaye yana ji, kuma ya gyara. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Girma ne, irin wanda ba a ba sauran ƴaƴa. Da haka ya girma ya yi gemu, ya zama mai tuƙin kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Agadas da Damagaram, bakina bai taɓa furta sunansa ba.

Ciwon ubanku da damina ya fara. Ni na fara gani kafin shi ya yarda. Sai ya tsaya a tsakiyar noma ya dogara da hauya kamar mai tunani. Wandonsa ya fara zamewa, yana ƙara jan mazagi a ɓoye. Da na matsa masa ya ce jini yake gani a bayan gida, amma basir ne, kowane manomi na da shi. Ya sha jiƙo ya sha sassaƙe har aka yi kaka aka cika rumbu. Sai da ya faɗi a bakin masallaci sannan ya yarda aka kai shi wurin majo, babban malamin asibiti, a Dungas. Majo ya tura Magarya, Magarya suka tura Damagaram. Can aka leƙa cikinsa da na'ura, aka ɗebi ɗan nama aka bincika. Amsa ta fito, ciwon daji ne a hanji, har ya taɓa hanta. Likita ta ce lokacin aiki ya wuce, sai maganin da zai rage wa ciwon gudu ya rage wa Malam zafi.

Yayanku na jin labari ya ajiye kamyo ya dawo gida. Zan ba shi haƙƙinsa, don ba ƙararsa na zo kai muku ba. Shi ke goya ubanku zuwa bayan gida, shi ke masa wanka, shi ke yanke masa farce. Ban ga ɗan da ya yi wa uba abin da ya yi ba.

Sai wata rana aka turo masa saƙon murya a salula, abin da suke ce wa bokal. Wani mutum ne, ba mu san fuskarsa ba, ba mu san garinsu ba, amma muryarsa a natse kamar ta mai wa'azi. Ya ce daji sukari yake ci. Ya ce gero da dawa da shinkafa da zuma da dabino da nono duk sukari suke komawa a cikin mutum, saboda haka duk wanda ya ba mai daji waɗannan, ciwon yake kiwo. A hana shi, in ji shi, yunwa za ta kashe dajin, mutum ya tashi garau. Yayanku ya kunna wa dattawa a zaure, suka gyaɗa kai. Ba wanda ya ga baƙon abu a ciki, don mu tun fil azal ba mu san magani ba sai da hani, kowane mai magani sai ya ce kada a ci maiƙo, kada a ci tsami, kada a ci kaza. Wannan dai haninsa ya fi na kowa faɗi, aka ɗauka ƙarfinsa ma ya fi.

Ya ɗauke ubanku daga ɗakina ya mai da shi ɗakin da ke jikin zaure, ya shimfiɗa tabarmarsa a bakin ƙofa. Abinci ya zama dafaffen zogale ba ƙuli ba mai, da ruwan lemun tsami, da tafarnuwa. Da wani bokal ɗin ya sake zuwa ya ce nama ma yana ciki, aka cire romo. Maƙwabta su zo dubiya da kunu ko dabino, a karɓa a bakin ƙofa a yi godiya a mayar musu. A gidana aka mayar wa maƙwabciya kwano da abincinsa a ciki. Har yau in na tuna sai fuskata ta yi zafi.

Gwaggonku Hansatu, ƙanwar ubanku, ita ce ba ta iya riƙe bakinta. Ta leƙa kwanon ta ce:

"Kai ɗan nan, jinya kake yi ko kiwon akuya?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri, magani dama ɗaci gare shi."

"To in ɗacin ba komai ba ne, ka ci mana tare da shi, mu gani."

Ya kuwa ci. Daga ranar bai ƙara taɓa tuwo ba, abin da ubansa ya ci shi yake ci, a kwano ɗaya. Wannan ne ya rufe bakin kowa. Yaya za ka yi faɗa da mutumin da ke kwana da yunwa saboda ubansa?

Ni aikina ya koma kai ruwan alwala. Ina shiga ina dubawa. Zoben azurfarsa ya bar ɗan yatsansa ya koma babban yatsa, daga nan ma ya fara faɗuwa. Salla ta koma a zaune, ta koma a kwance. Wata ranar kasuwa na gama kirɓi na shiga da buta, sai ya buɗe ido ya ce:

"Mai fura, yau citta ta yi yawa a dakanki. Daga nan na ji."

"Ashe hancin bai yi ciwo ba."

"Shi kaɗai ya rage mini mai aiki."

Na rage murya na ce, "In kawo?"

Ya dubi jinka ya ce, "Bar yaro. Ya bar motarsa saboda ni. In na sha, na ce masa wahalarsa ta banza ce ke nan."

Na ɗauki butata na fito. Amma na san mutumin nan, na san kunya ce za ta kashe shi kafin ciwo.

Da ranar randebu ta zo, wato ranar da likita ta sa a koma, yayanku da Rabi ne ke rakiya kullum, ni ina gida. Wannan karon tun kafin taksi ya gama tsayawa na yafa mayafi na riga kowa shiga. Ba wanda ya tambaye ni. Muka bi ta Waca, ubanku na jingine a kafaɗar ɗansa, duk ramin da mota ta faɗa sai in ji ƙashinsa ya bugi ƙofa. A asibiti suka ɗora shi a kan balas ɗin awon nauyi, mai awon ta duba, ta sauke shi ta sake ɗorawa, ta ɗaga kai ta dube mu. Da aka kira su ciki aka nuna mini benci. Na bi bayansu na shiga.

Likitar ƴar ƙarama ce da tabarau, Hausarta ta mutanen Sassumbrum. Ta dubi takardar awo ta ce:

"Me Baba yake ci a gida?"

Yayanku ya fara jero bayani. Ni kuma na juya wajen bango na ce:

"Ganye da ruwan tsami. Akuyata ta fi shi cin abinci."

Na zaci za ta yi masa tsawa. Ba ta yi ba. Ta ce ya kunna mata saƙon, ta saurara har ƙarshe, ta cire tabarau ta ce rabin maganar mutumin gaskiya ce, kuma shi ya sa take da haɗari. Sannan ta juyo wurina.

"Iya, kina ajiye wake?"

"Tun ba a haife ki ba."

"Yaya kike yi?"

"In kwashi toka a murhu in tankaɗe, in cuɗa da waken, in zuba a tulu in liƙe bakinsa."

Ta ce to in riƙe wannan a raina. Abin da ta faɗa daga nan zan ba ku shi yadda na ɗauke shi, na kuma juya shi a kaina sau ba adadi ina daka. Ta ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, ba su ƙirguwa. A kowane ɗaki akwai tuluna jere, cike da abin da mutum ya gada wurin uwa da uba, wato umarnin yadda ɗakin zai yi aikinsa. Tulunan iri ɗaya ne ko'ina, na ido da na hanji da na ƙashi. Abin da ya sa ido ya zama ido, hanji ya zama hanji, shi ne wane tulu ke buɗe, wane ke liƙe. Kowane ɗaki kuma yana da murhunsa inda yake ƙona abinci ya samu ƙarfi, kuma daga abin da murhun nan ya bari, kamar tokata, ake samun abin liƙe tulu da abin ɓamɓare shi.

Ta ce a ɗakin da daji ya kama, sau da yawa wani tulu ne ke fara fashewa, sai murhu ya haukace. Ya riƙa ci ba dare ba rana, kuma sukari ya fi so, nan mai bokal ya yi gaskiya. Tokarsa ta sauya, wani lokaci ta yi yawa, wani lokaci ta fito wata iri dabam. Sai a liƙe tulun da ke cewa ya isa haka, tsaya, a buɗe wanda ke cewa hayayyafa. Tulunan da aka buɗe su kuma su ƙara hura murhun. Murhu na ɓata tulu, tulu na ɓata murhu, har ɗakin ya manta shi na hanji ne, bai san komai ba sai ci da haihuwa.

Ni ba na son a ce na zo da son kai, sai na yi tambayar da yayanku zai yi. Na ce:

"To a janye itacen mana. Abin da wancan yake yi ke nan."

"Iya, in wuta ta kama ɗaki, kika ruga kika ɓoye itacen girki, mutuwa take yi?"

"Ina fa. Jinka za ta ci, da zana, da gadon kara."

"Haka yake a jiki. Jiki ba ya yarda sukari ya ƙare a jini. In bai samu daga ƙwarya ba, naman kansa zai narkar ya yi shi. Dajin zai ci rabonsa da fura da babu fura. Mai kwana da yunwa Baba ne."

Na dubi hannun ubanku a kan gwiwarsa, fata da ƙashi. Na ga jinkar da aka ci.

Yayanku ya yi gyaran murya ya ce, "Likita, in ya ci zai warke?"

Ta ce, "A'a. Ba zan yi maka ƙarya ba. Zai yi ƙarfi, jikinsa zai iya ɗaukar magani, zai zauna ya yi hira da ku. Masana na neman maganin da zai nufi murhun nan kai tsaye, an samu ga wasu ire-iren daji kaɗan, ba irin na Baba ba. Amma shi ma magani ne, ba yunwa ba."

"Ke kin ce babu warkewa," in ji shi. "Wancan ya ce akwai."

Ya sa salularsa a aljihu. A nan na gane ba jahilci ke damunsa ba, kuma ba bayani ne zai raba shi da abin ba. Mutum biyu suka yi masa magana, ɗaya ta ce ubanka zai mutu, ɗaya ya ce zai rayu, sai ya bi wanda zuciyarsa za ta iya ɗauka.

Kafin mu fita na tsaya na yi tambaya ɗaya saboda ku. Na ce liƙin nan da ciwo ya yi, ƴaƴansa za su gada? Ta ce tulu ake gada, liƙin da ciwo ya yi a hanjinsa nasa ne, da shi zai tafi. Amma ta ce in faɗa muku, duk wanda ya ga jini ko ya ji wani baƙon abu a jikinsa, kada ya sa masa suna da kansa ya zauna, ya zo da wuri. Na faɗa muku a lokacin, ga shi na sake faɗa a rubuce.

Washegari na jiƙa gero sabon sussuka. Na aika ruga aka kawo kindirmo, na sauko da goran zuma. Ban ɓoye ba, a tsakar gida na yi dakana, kowa na jin taɓarya. Na rage citta. Da hantsi, lokacin da zaure ya cika da masu dubiya, na dama ta da ruwa-ruwa a ƙwaryarsa ta gona, na rufe da faifai, na ratsa tsakar gida. Hansatu na zaune tana tsince zogale, ta bi ni da ido. Yayanku ya miƙe daga tabarma ya tsaya a ƙofa.

Na fara yadda na saba. Na dubi ƙyauren ƙofa na ce:

"A gaya wa mai tsaron ƙofa ya ba ni hanya."

"Inna, don Allah. Saura kaɗan a ga aikin abin. Kada ki ɓata mini."

"A gaya masa na ji likita, shi ma ya ji."

"Inna, ko za ki tsine mini, ba za ta shiga ba."

Maganar zaure ta tsaya, na san suna jinmu. Sai na ɗaga kai na dube shi cikin ido, abin da ban yi ba tun yana cikin tsumma. Na ga furfura a gefen kansa wadda ban san da ita ba. Na ga idonsa ya faɗa, shi ma yunwar ta ci shi. Rabi, ke kin san sunan, ki rubuta shi da kanki, ni ba zan maimaita ba. Na ce:

"Lawali."

Hansatu ta saki faifan zogale ta yi salati.

"Lawali, ni na haife ka, kuma kafin in haife ka nake ciyar da mutumin nan. Kauce."

Ya kauce kamar wanda aka mara. Ku fahimci abin da na yi. Uwa ta kira sunan ɗan fari a gaban maza, ta cire masa rigar da ta sa masa tun ranar suna ke nan, ta mai da shi yaro kamar kowane yaro. Na san haka kafin in buɗe baki. Na auna girmansa da ran ubansa, na zaɓa.

Da na shiga, ubanku ya ji komai. Ya ce:

"Mai fura, kin yi ɓarna a waje."

"Na yi. Buɗe baki."

Ya yi bisimilla. Bai sha da yawa ba, ludayi kaɗan, yana sha yana hutawa, hawaye na bin gefen hancinsa. Sannan ya ɗaga murya iya ƙarfinsa ya kira ɗansa ya ce ya zo ya sha shi ma, ya rame. Hansatu ta leƙo ta ce ya ɗauki jakarsa ya nufi bakin hanya.

Daga nan na mai da ubanku ɗakina. Kaɗan-kaɗan nake ba shi, sau da yawa a yini, yadda likita ta ce: fura, kunun gyaɗa, romon kaza, nono da zuma. Ba zan ɓoye muku ba, wata rana ya sha ya amayar, wata rana ya kau da kai. Ciwon bai tsaya ba, ba ta kuwa ce zai tsaya ba. Amma ya tashi zaune. Ya koma Damagaram ya karɓi maganinsa bai suma ba. Ya fita zaure ya yi musu da abokansa a kan iyakar gona. Aka ɗora shi a amalanken jaki ya je ya ga inda aka zuba taki, ya yi faɗa wai an tara shi wuri ɗaya. Ya kira Fulanin da ke riƙe da shanunsa ya nuna na kowa da bakinsa, shi ya sa ba ku yi rigimar gado ba, ku tuna da wannan. Da Rabi ta haihu, shi ya yi wa jaririn huɗuba a kunne. Yayanku na kiransa a salula daga Agadas suna daɗewa suna magana, in na shigo sai ya rage murya. Ban tambaya ba.

Ya rasu da rana tsaka, bayan ruwan shuka, ana jin ƙanshin ƙasa. Da safen ya sha furarsa.

Yayanku ya iso aka yi jana'iza da shi. A zaman makoki ya ce wa wani kawunsa wai da an bar shi ya ƙarasa abin da ya fara, da wataƙila Baba na nan. Cikin kuka ya faɗa. Amma magana in ta fita zaure ƙafa take yi, kafin sadakar arba'in ta zama fura ce ta kashe Malam, kuma matarsa ce ta dama. Wasu mata suka daina sayen furata a Dungas. Wasunku ma, na ga yadda kuke kallon ƙwaryar nan in na ɗauko ta.

Tun daga lokacin in ya zo gida sai ya gaishe ni daga bakin ƙofa. Bai taɓa fasa aiko hatsi da tufafin salla ba. Amma bai ƙara cin abin da ya fito daga hannuna ba. Duk zuwansa sai na dama fura na aika zaure, ta dawo da faifanta yadda na rufe. Ban fasa aikawa ba. Ban ba shi haƙuri ba, don ban yi laifi ba. Ban kuma yi fushi da shi ba, don so ne ya ɓatar da shi, ba mugunta ba.

To ga dalilin da na ce zan zo gare shi. A bazarar nan ina wanka na ji wani abu mai tauri a nonona na hagu, kamar ƙwayar gurjiya. Ban ce maruru ba ne, ban nemi jiƙo ba. A ranar na gaya wa Rabi, ita ta buga wa ƴan'uwanta. Wanda ya fara isowa shi ne yayanku. Shi ya kai ni Damagaram, yana gaban mota ina baya, ba abin da ya haɗa mu sai gaisuwa. Aka ɗebi nama, muka dawo, muka koma jin amsa. Wani likita ne yanzu, namiji. Ya ce daji ne, amma na zo da wuri, aiki zai yi, an sa mini rana bayan kaka. Yana faɗa ina kallon hannun yayanku, in ga ko zai tafi aljihun salula. Ya tafi, ya tsaya a kan aljihun, ya dawo gwiwa.

Saboda haka ku ji. Rai na hannun Allah, wuƙar likita ba ta ƙara kwana ba ta ragewa. In na tashi, alhamdu lillahi. In na kwanta, duk mai zuwa dubiya ya zo da ƙwarya, kuma a karɓa. Wanda ya zo da bokal ya bar shi a zaure tare da takalminsa. Kada wani ya ƙona mini jinka da sunan yana sona.

A hanyar dawowa ta Magarya muka biyo. Muna zaune a benci a tasha muna jiran motar Dungas ta cika, rana ta take, ni a wannan gefe shi a wancan. Sai ya tashi ya shige cikin mutane. Can ya dawo da fura a kwanon roba, da cokali a ciki. Ya ajiye a tsakaninmu. Bai dube ni ba. Ya dubi bencin ya ce:

"A gaya wa mai tafiya hanya da sauran nisa."

Na ɗauka na ɗanɗana. Furar banza ce. Geron bai daku ba, nonon na gari ne, an cika sukari don a rufe asiri, citta ko ƙanshinta babu. Da a Dungas ne da na sa an kira mini mai ita na zaunar da ita. Na sha rabi. Sannan na tura kwanon wajensa, na dubi bencin ni ma na ce:

"A gaya wa wancan shi ma ya rame."

Ya daɗe yana kallon kwanon, har yaron mota ya fara kiran Dungas, Dungas. Sannan ya ɗauka ya yi bisimilla. Ba furata ba ce, amma daga hannuna ta je masa, ya kuwa shanye har ya kankare gindin kwano.

Rabi, ajiye alƙalamin nan haka. Gero ya jiƙu, kuma yayanki na zaure.